Ajali Da Sababi: Hukuncin Cutar Da Ido Bai Ga Hanyarta Ba

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci ɗan Adam, ya daidaita gaɓoɓinsa, ya ɗora rayuwarsa bisa awo. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka.

Daga Funtuwa zuwa Bakori, daga Ɗanja zuwa Ƙafur har Malumfashi, da wuya a sami gidan da ba ya riƙe da fartanya. Ƙasa ce ta masara da dawa da auduga da wake, kuma tun tsakiyar shekarun 1970, lokacin da gwamnati da Bankin Duniya suka kafa shirin raya aikin gona na Funtuwa, takin zamani da maganin feshi suka zauna da gindinsu a wannan yanki. Yau idan damina ta kankama, duk inda mutum ya duba sai ya hangi saurayi goye da injin feshi yana ratsa kunyoyi, sau da yawa ba takalmi, ba abin rufe hanci, iska kuwa tana maido masa da abin da ya fesa.

Galibi a kan tashi lafiya. Amma a kan sami ranar da saurayin zai koma gida kansa na sarawa, gumi na karyo masa, miyau na dalala, ƙirji ya cushe. Sai a ɗura masa nono ko manja, a ce zai faɗa masa. Wani ya sami sauƙi, wani kuwa kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. A wajen zaman makoki magana ɗaya ce ke yawo a bakin jama'a: kwanansa ne ya ƙare.

Wannan magana gaskiya ce, babu Musulmin da zai yi jayayya da ita. Abin tambaya shi ne ko ta isa ta rufe zancen. Akwai wanda ya sayar da maganin cikin kwalbar lemo, babu takarda babu bayani. Akwai mai gonar da ya tura yaron da tsakar rana bai ba shi ko ƙyalle ba. Akwai kuma ɗan kasuwan da in kaka ta yi zai tuttula irin wannan magani cikin buhunan wake don kada ƙwaro ya ci masa riba, alhali kuwa ya san mutane ne za su ci. Babu ɗaya daga cikinsu da ya zare wuƙa, babu wanda aka ga jini a hannunsa. Shin cutar da ido bai ga hanyar da ta bi ba, tana hawa wuyan wanda ya jawo ta? Ba a iya amsa wannan sai an fara sanin hanyar.

Ƙofofin da ke cikin jiki

An gina jikin mutum ne da ƙwayoyin halitta ƙanana ainun, waɗanda ba a gani sai da madubin likita. Kowace ƙwaya lulluɓe take da fata mai maiƙo, siririya ƙwarai, ciki da wajenta duk ruwan gishiri ne. Sai dai gishirin ba iri ɗaya ba ne. A waje sodiyam ya fi yawa, watau sinadarin da ke cikin gishirin miya. A ciki kuwa fotasiyam ya rinjaya, irin wanda ke cikin toka. Idan waɗannan sinadarai suka narke a ruwa su kan ɗauki cajin lantarki, don haka tsakanin cikin jijiya da wajenta akwai bambancin caji da ya kai kashi 70 cikin 1,000 na bolt ɗaya, watau kusan kashi ɗaya cikin ashirin na ƙarfin batirin tocila.

Manomin rani zai fi kowa saurin gane wannan. Ruwan da ke kwance a madatsar Mairuwa ba ya aikin komai muddin yana tsare, amma ƙarfinsa na nan, da an buɗe masa hanya sai ya kwararo. Mai lambu kuma da ɗan dunƙulen laka ya kan toshe bakin wannan fangali ya buɗe na gaba, kowanne a kan lokacinsa. In ya bar baki ɗaya a buɗe ya tafi, shuka ta ruɓe. In ya bar shi a toshe, ta bushe. To, haka fatar ƙwayar halitta take. A jikinta akwai wani inji da ke aiki dare da rana, yana fitar da sodiyam uku yana shigo da fotasiyam biyu, kamar injin ban ruwa da ke haurar da ruwa kan tudu. Jens Skou, mutumin ƙasar Denmak, shi ya gano shi a 1957. Sa'an nan akwai ƙofofi, kowace da wanda ta ke bari ya wuce: ta sodiyam daban, ta fotasiyam daban, ta kalsiyam daban.

Idan ƙaya ta soki manomi a ƙafa, ƙofofin sodiyam na jijiyar wurin su kan buɗe, sodiyam ya auka ciki, caji ya juye. Cikin kusan kashi ɗaya cikin dubu na sakan sai su rufe da kansu, na fotasiyam su buɗe, al'amari ya koma yadda yake. Amma juyewar nan ta riga ta taɓa ƙofofin da ke gaba, su ma sun buɗe, haka haka har saƙo ya kai ƙwaƙwalwa, kamar wuta tana bin ciyawa da hunturu, sai dai ita wannan ciyawa nan take ta ke sake tohowa. A manyan jijiyoyi saƙon ya kan ci fiye da mita 100 cikin sakan guda.

Alan Hodgkin da Andrew Huxley, mutanen Ingila, su suka auna wannan a jijiyar wata dabbar teku mai hannuwa goma, wadda kaurin jijiyarta ya kusa na allura, suka bayyana shi a 1952. A 1976 Erwin Neher da Bert Sakmann na Jamus suka iya sauraron ƙofa ɗaya tak tana buɗewa tana rufewa, da wani ɗan bututun gilashi. A 1998 kuma Roderick MacKinnon na Amurka ya nuna siffar ƙofar fotasiyam da yadda ta ke tantance mai shiga. Dukkansu an ba su kyautar Nobel. Abin da magabata suka sani da alamu kawai, yanzu an auna shi, an ga siffarsa.

Inda jijiya ta haɗu da tsoka akwai ɗan rata, lantarki ba ya tsallake shi. Sai jijiya ta saki wani sinadari, asetilkolin, ya zama ɗan aike, ya ƙwanƙwasa ƙofar tsoka, ta buɗe, tsoka ta motsa. Nan take wani sinadarin, wanda za a iya kiransa mai shara, ya rusa ɗan aiken don ƙofa ta rufe, tsoka ta huta. Mai karatu ya riƙe wannan mai shara, za a komo kansa.

Zuciyar da ba ta neman izini

Zuciya kuwa ba ta jiran umurni daga mai ita. A samanta ta wajen dama akwai wani ɗan gungun ƙwayoyi, wanda Arthur Keith da Martin Flack suka gano a 1907, ƙofofinsa ba su taɓa zama shiru. Caji na tsiyaya cikinsu a hankali har ya cika awo, su tayar da saƙo ya game zuciya, kalsiyam ya shiga, tsoka ta matse, jini ya fita. Haka ta ke yi kimanin sau 100,000 kowace rana, mutum na barci ko yana farke, yana biyayya ko yana saɓo.

Yadda aka gane darajar kalsiyam abin lura ne. A Landan, a 1883, likita Sydney Ringer ya ba da labarin zuciyar kwaɗo da ya ke ajiyewa cikin ruwan gishiri tana ta bugawa. Ashe mai taimaka masa ruwan famfo ya ke haɗawa da shi maimakon tataccen ruwa. Da aka koma ga tataccen sai zuciyar ta raunana ta tsaya. Ɗan kalsiyam ɗin da ke cikin ruwan famfo, wanda harshe ba ya ko jin ɗanɗanonsa, shi ne ke riƙe da bugun. A 1921 kuma Otto Loewi ya nuna cewa akwai jijiyar da ke ja wa zuciya linzami ta hanyar sakin wani sinadari, daga baya aka tabbatar asetilkolin ne, ɗan aiken nan dai. Rai ke nan a rataye da awo: fotasiyam ya yi yawa a jini zuciya ta tsaya, ya yi kaɗan bugunta ya hargitse.

Inda guba ke shiga

Abin da ya kamata kowane manomi ya sani shi ne, ƙwaro ma da irin waɗannan ƙofofi ya ke rayuwa. Tsutsar auduga da ƙwaron wake da mai gonar kansa, tsarin jijiyarsu ɗaya ne a asali, kuma mafi yawan magungunan feshin ƙwari jijiya aka nufa da su. DDT, wanda Paul Müller ya gano ƙarfinsa a 1939, ƙofar sodiyam ya ke hana rufewa. Haka ma dangin safametirin da ake fesa wa wake da auduga, shi ya sa mai feshi kan ji fuskarsa na zuga kamar an shafa barkono. Gamalin, wanda aka daɗe ana zuba wa ruwa don kashe kifi, ƙofar da ke kwantar da ƙwaƙwalwa ya ke toshewa, shi ya sa mai shansa ke jijjiga. A 2009 aka sa shi cikin jerin gubobin da ƙasashen duniya suka yarda a daina amfani da su a gona.

Shi kuwa dikulobos, wanda da shi ake haɗa fiya-fiya, da sauran danginsa, mai sharar nan su ke ɗaurewa. Ɗan aike ya taru ba mai kwashewa, yana ta ƙwanƙwasa ƙofa ba ƙaƙƙautawa. Sai miyau da gumi da hawaye su ɓalle, ƙwayar ido ta tsuke, majina ta cika huhu, linzamin zuciya ya yi ta jawuwa, tsokar numfashi ta yi ta karkarwa har ta gaji ta saki. Wannan ita ce hanyar da cutar ta bi a jikin saurayin nan, tun daga fatar bayansa da hancinsa har ƙirjinsa. Nono da manja ba su kwance mai shara, hasali ma su kan sarƙe mara lafiya su faɗa huhunsa. Abin yi shi ne a tuɓe masa tufafin da suka jiƙe, a wanke shi da sabulu, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar maganin, domin akwai allurar atirofin da ke tare hanyar ɗan aiken in an zo da wuri.

Labarin bai tsaya a gona ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda ragowar dikulobos da aka yi ta samu a cikinsa fiye da haddin da suka ƙayyade. Su suna da ma'auni a bakin tashar jirgin ruwa, sun auna sun mayar. Mai ƙosai da mai alala a Funtuwa ba su da ma'auni sai amanar wanda ya auna musu a tiya.

Hujjar mai cewa ajali ne

Wani zai ce: duk wannan bayani bai ƙara wa mamaci ko sa'a guda ba, bai kuma rage masa ba, abin da aka rubuta shi ya faru. Haka ne. Amma wanda aka sara da takobi shi ma kwanansa ne ya ƙare, malaman Sunna ba su yi saɓani a kan haka ba, duk da haka babu alƙalin da ya taɓa sallamar mai takobi da wannan hujja. Ajali ilmin Allah ne, ba a ɗora wa bawa saninsa ba. Abin da aka ɗora masa shi ne aikin hannunsa, kuma a kansa za a tambaye shi.

Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe ɓarnar da mutum ya yi da hannunsa kai tsaye da wadda ya shimfiɗa wa sababi. Misalin da suka saba bugawa shi ne wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar jama'a ba da izini ba, ya tafi abinsa, da dare wani ya auka. Mai haƙar yana gida yana barci lokacin da abin ya faru, bai tura kowa ba, amma an ɗora masa lamuni. Buhun waken da aka jiƙa da fiya-fiya rijiya ce a kan hanya. Bambancinsu kawai, bakin rijiya ana ganinsa da rana, bakin wannan kuwa ko da rana ba a gani.

Labarin Sayyidina Umar sananne ne, lokacin da ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, ya yi shawara ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne, sai Umar ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa cikin ƙaddara ya ke. Mai gonar da ya saya wa ɗan ƙwadagonsa takalmin roba da abin rufe hanci, da wanda ya hana, duk a cikin ƙaddara su ke, amma littafinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai kuma wata hujja da ke zuwa ta ɗaya gefen, daga wanda ya ɗanɗani boko. Shi cewa zai yi: tun da motsi da tunani duk buɗewar ƙofofi ne, to hannun ɗan kasuwan ma ƙofofi suka motsa shi, ina laifi? Amsar tana cikin abin da kowa ya sani. Mai farfaɗiya in ta tashi hannunsa na iya bugun yaro, ba mai zarginsa, Shari'a ma ta ɗauke masa alƙalami a wannan hali. Lantarkin da ya motsa hannunsa shi ne irin wanda ya motsa hannun mai tuttula guba. Duk da haka ba mai hankalin da zai daidaita su, domin ɗaya ya sani, ya auna riba da hasara, ya duba ko ana kallonsa, sa'an nan ya zuba. Sanin yadda galma ke tsaga ƙasa bai taɓa kore cewa akwai mai riƙe da ƙotarta ba.

Alhaki hawa hawa ne

Amma adalci bai yarda a auna kowa da mudu ɗaya ba. Na farko shi ne wanda bai sani ba, kuma ba shi da hanyar sani, kamar ɗan ƙwadagon da aka miƙa wa kwalba rubutun jikinta da Turanci, ko babu rubutun sam. Wannan abin tausayi ne, galibi ma shi ne wanda aka zalunta.

Na biyu shi ne wanda bai sani ba, amma da ya so da ya sani. Mai gonar da ke tambayar farashin masara a kasuwar Ɗandume kowane mako, ya san sunan kowane iri da kowane taki, amma bai taɓa tsayar da malamin gona ya tambaye shi awon magani, ko kwana nawa ake jira bayan feshi kafin a ɗebi tumatir a kai kasuwa ba, wannan jahilcinsa zaɓi ne. Malamai sun tabbatar cewa bai halatta baligi ya shiga wani aiki ba sai ya san hukuncinsa, kuma hukuncin feshi ba ya sanuwa sai an san abin da feshin ke yi.

Na uku shi ne wanda ya sani ya ɓoye. Gwajinsa mai sauƙi ne: shin zai yarda a ɗebi wannan buhu a dafa wa 'ya'yansa? In ya ware na gidansa daban, to ya yanke wa kansa hukunci da hannunsa. Ɓoye aibin haja algus ne ko da aibin tsakuwa ce, balle guba. Zai ce ƙwaro na iya mayar da jarinsa gari cikin 'yan watanni, ga bashi a wuyansa. Kukansa na gaskiya ne, amma larura ba ta tsayawa inda akwai mafita ta halal. Ƙwaro ma numfashi ya ke yi. Durom mai murfi da ba ya shan iska na kashe shi, haka ma buhun nan mai rufi uku, leda biyu da buhu a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma tun 2007. Da shi ake ajiye wake watanni ba ɗigon magani.

Akwai kuma na huɗu da ba a cika ambata ba: wanda ya sani ya yi shiru. Mai shagon magani, da ma'aikacin hukuma, da mai ilmin da jama'a ke saurara. Tun da an iya rubuta tallar taki da Hausa, ana iya rubuta gargaɗi da Hausa, da boko da ajami.

Darasin kunun kanwa

Sai dai wanda ya riƙi ilmi ya riƙa alhakin mutane da shi, wajibi ne ya san iyakar ilminsa, kuma ƙasar Malumfashi da kanta ta ba da darasi a kan haka. A 1974 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Farfesa Eldryd Parry, suka bayyana cewa ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa ya fi yawa a kewayen Zariya da Malumfashi, suka danganta shi da tsananta wankan jego, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta, da yawan kunun kanwa. Hujjarsu tana da ƙarfi, domin kanwa cike ta ke da sodiyam, shi kuwa ruwa ya ke riƙewa a jini, sai kaya su yi wa zuciya yawa ta buɗe, zuciyar da ta buɗe kuma bugunta na saurin hargitsewa. Amma binciken da aka yi daga baya, musamman a Kano, ya sami ciwon har ga matan da ba su yi waɗannan al'adu ba, ya kuma nuna hannun talauci, da ƙarancin abinci mai gina jiki, da hawan jinin masu ciki.

Saboda haka babu mai ikon kiran kakar da ta dama wa jikarta kunun kanwa mai kisa. Ƙauna ce ta sa ta, abin da ta gada ke nan, kuma masana kansu sun sake duba maganarsu. Hukunci ya kan bi ƙarfin hujja: inda aka sami yaƙini, kamar gubar feshi, magana ta yanke, inda rinjayen zato ne, sai a yi taka-tsantsan ba tare da jifan kowa ba. Amma in ƙafafun mai jego suka kumbura, numfashi ya gagare ta in ta kwanta, likita ya ce a bar gishiri da kanwa, sa'an nan aka nace don gudun surutun dangi, to an tashi daga hawa na farko an hau wani.

Jiki ma amana ne

Saura haƙƙin da mutum ke ci na kansa. A bayan tumbi akwai wata doguwar tsoka da likitoci ke kira fankiriyas, ƙwayoyinta ke sakin insulin, sinadarin da ke kwashe suga daga jini. Su ma da lantarki su ke aiki. A 1984 Frances Ashcroft ta Jami'ar Okisfod ta nuna cewa idan suga ya hau, wata ƙofar fotasiyam ce ke rufewa, caji ya tashi, kalsiyam ya shiga, insulin ya fito. Ƙwayar gilibenkilamaid, wadda masu ciwon suga da yawa ke sha, wannan ƙofa ta ke rufewa, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Asalin danginta ma ta hanyar haɗari aka san su: a 1942, a birnin Mamfeliye na Faransa, masu zazzaɓin taifot da aka ba wani sabon magani suga ya yi ta faɗi musu, har wasu suka rasu.

Dattijon da ya haɗiyi wannan ƙwaya da sahur, ya ɗauki azumi, ya fita huɗa cikin rana, ƙofar na nan a rufe, insulin na ta kwarara, suga na ta sauka. Rawar jiki da gumi da ruɗewa su ne alamun farko, in ba a ba shi abu mai zaƙi ba sai suma. Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, kuma likita na iya sauya masa awo ko lokaci ko irin maganin tun kafin watan ya kama. Wanda ya ƙi tambaya ya ƙi rangwame, don kada a ce ya gaza, ya binciki zuciyarsa ya ga wa ya ke jin kunya.

Ƙarshen magana, ɓoyuwar hanya ba ta sauke nauyi. Dā ana iya cewa ba a san abin da ke tsakanin kwalba da makara ba; yanzu an sani, ƙofa ƙofa, kuma duk wanda labari ya isa gare shi ya fita daga sahun masu uzuri. A ci gaba da faɗin kwanansa ne ya ƙare a wajen ta'aziyya, domin maganar haƙuri ce kuma gaskiya ce. Amma in an shafa fatiha an watse, mai gona ya je ya dubi injin feshinsa da ke yoyo, mai shago ya dubi kwalabensa marasa takarda, ɗan kasuwa ya dubi buhunansa tun kaka ba ta zo ba.

Allah ya sa a dace, ya kare jama'a daga cin haƙƙin da ba su gani ba. Allah shi ne mafi sani.